Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

Ranar da Kaka ta rasu, gidanmu na Ƙofar Kuyambana ya cika har zaure ya kasa ɗauka, sai da aka shimfiɗa tabarmi a bakin hanya. Matan zumuntar coci sun zo daga Wusasa da zannuwansu iri ɗaya, suka zauna a tsakar gida suna waƙa ƙasa ƙasa don kada su takura wa maƙwabta. Hajiyoyin unguwa suna ta shigowa da kwanukan kunu da tuwo. Wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar ɗakin tana cewa, "Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka. Ko ɗaya bai kuɓuce mata ba." Ƙanen Kaka, wanda muke kira Alhaji, yana zaune a zaure da carbi a hannu bai ja ko ƙwaya ɗaya ba. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Yaya ta tafi. Yau na zama maraya da furfurata."

Ni kuwa, Allah ya sani, ban ga rabin waɗanda suka zo ba. Idona yana kan Babana. In ya tashi sai in tashi, in ya zaga bayan gida sai in tsaya ina sauraron motsinsa. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Wata maƙwabciyarmu ta ja ni gefe, ta riƙe hannuna gam, ta ce, "Ku sa ido a kan mahaifinku fa. Damina ce, kududdufi ya cika." Abin da nake ta ƙoƙarin kada in tuna ke nan tun safe.

Don wanda bai san gidanmu ba ya gane wannan tsoron, dole in faɗi wace ce Kaka. Dama ina so in faɗa, don kada yaran da ke tasowa su san ta a hoto kawai.

A cikin birni aka haife ta. Tana ƙarama wani ciwon ƙafa ya kai ta asibitin mishan a Wusasa, ta daɗe a can, ta koyi karatu, ta karɓi bangaskiyar Kirista, ta yi aure, ta zama ungozoma. Da mijinta ya rasu, Alhaji ya ce ba zai bar yayarsa ta tsufa a bayan ganuwa ba, ya ba ta sashe a gidan gado. Haka muka tashi, mu Kirista a tsakiyar dangi Musulmi. Ran Lahadi mu fita ta ƙofa mu nufi sujada a coci, ran Sallah kuma mu ci nama har mu gaji. Ba wanda ya isa ya taɓa mu a unguwar, don rabin samarin da ke zama a bakin masallaci hannunta suka fara faɗowa.

Tana da wata ɗabi'a da mata ke ba da labarinta suna dariya. In ta karɓi jariri ta goge masa fuska, sai ta ɗaga shi ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Sannu da zuwa. To, wane ne kai?" Na taɓa tambayarta ko tana jiran amsa ne. Ta ce, "Ƙawata, ke dai ba ki san komai ba sai cin ƙanzo. Ban taɓa karɓar mutum ɗaya sau biyu ba. Ko tagwaye, kowa da nasa kukan."

Sai dai matar nan da ta san sunan kowane yaro a unguwa, akwai suna guda da ba ya fita daga bakinta: na Babana. Shi ne ɗan farinta, kuma ita tsohuwar Bahaushiya ce ta gaske, coci bai cire mata alkunya ba. In tana son kiransa sai ta ce "Wannan," ko "Baban yara." In an kawo masa saƙo sai ta ce mini, "Je ki ce wa wancan ana sallama." Akwai yaron maƙwabta mai suna irin nasa, shi ma ya sha, don har ya yi aure "Mai Suna" take kiransa. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne a taron zumuntar mata. Sunan Baba yana cikin Littafi Mai Tsarki, to in karatu ya zo kanta ta iso wurin, sai ta yi gyaran murya ta ce "wannan bawan Allah," ta wuce. Matar limamin coci ta yi mata magana sau da yawa, ta ce, "Allah ai ya san wanda nake nufi."

Baba ma ya gaji abin. Ni ce 'yar farinsa, kuma har na girma ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Yayarsu" yake ce mini, yadda ƙannena ke kirana. Ban taɓa jin haushi ba, haka na tarar ana yi.

Ina 'yar sakandare mahaifiyarmu ta rasu. Zazzaɓi ne, kwana kaɗan, kafin mu gane abin da ake ciki an rufe ta. Baba bai yi kuka ba, kuma wannan ne ya fara damun Kaka. Ya koma ofis, yana dawowa ya rufe ɗaki. Daga nan wani abokin aikinsa ya fara jansa zuwa wani zama da suke yi a gidansa a Tukur-Tukur. Mutane ne masu ilimi, masu mutunci, ba 'yan iska ba. Suna zama a kan darduma, a kunna turare, a rufe ido, a karanta wasu ƙananan littattafai da ake aiko musu daga ƙasashen waje.

Da farko mun ji daɗi, don ya fara cin abinci. Wata rana ana ruwa ya kira mu ya miƙa hannu ta taga, ya ce, "Kun ga wannan? Mahaifiyarku ce. Ba ta je ko'ina ba. Tana cikin ruwan nan, tana cikin iska, tana cikin itacen darbejiya. Allah ba wani ne can dabam ba. Komai Allah ne, mu ma shi ne. Ɗigo ne muke, mu koma cikin babban ruwa." Yana murmushi yake faɗa. Ƙanena ya janye hannunsa daga taga ya goge a riga, daga ranar nan kuma ya daina wankan ruwan sama.

Kaka tana tankaɗe a bakin ƙofa, ta ji duka. Ta ajiye rariya ta ce, "Wannan, zazzaɓin da ya kashe matarka, shi ma Allah ne?"

Ya ce, "Iya, ba za ki gane ba. Babu mugu babu nagari, duka abu ɗaya ne."

Ta ce, "To ni da na kwana ina roƙon Allah ya raba ta da zazzaɓi, wa na roƙa ke nan? Na roƙi zazzaɓi ya raba ta da kansa?"

Ya yi dariya ya ce tunaninta na da ne. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba, amma na ga gari yana zuba a ƙasa.

Daga nan gidan ya koma gidan gardama. Ya daina zuwa sujada. Ya daina addu'ar safe da mu, wai babu wanda za a yi wa magana, tunda mai roƙo da wanda ake roƙo duk ɗaya ne. Kaka ta ce masa, "Ni na yi tuwon nan, hannuna duk yana jikinsa, amma ka taɓa ganin an zuba mini miya? Mai yi dabam, abin da ya yi dabam." Wata rana kunama ta fito daga ƙarƙashin tabarmar da ƙanwata ke kwance. Baba ya tare mu, ya durƙusa yana kallonta, wai kada a taɓa ta, ita ma Allah ce. Kaka ta cire silifa ta kashe ta da duka ɗaya. Ta ce, "Allah ya yi ta, na yarda. Amma da ta harbi yarinyar nan, ba zan ce Allah ya harbe ta ba." Ranar sun yi faɗan da ban taɓa ji ba, har ya ce mata ta kashe Allah da takalmi. Ta shiga ɗaki ta yi kuka, ni kuma na ji tsoron mahaifina a karo na farko a rayuwata.

Limamin coci ya zo da littattafansa, Baba ya karɓe shi da shayi da ladabi, ya raka shi har bakin ƙofa, bai ji ko kalma ba. Alhaji ya kawo wani malami abokinsa, suka yi ta yi har la'asar. Malamin ya fito yana girgiza kai, ya ce wa Kaka, "Baiwar Allah, a wannan magana dai mu da ku bakinmu ɗaya. Mahalicci dabam, halitta dabam. Sai dai ɗanki ba hujja yake nema ba, matarsa yake nema."

Abin da ya fi firgita ni shi ne da ya daina amsa sunansa. In abokansa suka yi sallama suka ambace shi, sai ya ce, "Babu mai wannan suna a nan. Suna riga ce, na tuɓe." Ya fara zama a bakin kududdufin da ke jikin ganuwa, inda aka haƙi ƙasar gini tun zamanin da. In damina ta yi nisa ramin nan yakan cika ya yi kore, ƙasansa kuma taɓo ne mai riƙe ƙafa. Kowace uwa a unguwar tana da labarin yaron da ya ci. Baba sai ya zauna yana kallonsa kamar mai kallon ƙofar gidan da aka gayyace shi.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya fito da farar riga, ya yi aski, fes da shi. Ya kwance agogonsa ya ɗora a kan tebur. Ya shafa kan ƙannena, ya dube ni ya ce, "Yayarsu, ki kula da su. Kada ku yi kuka, ba inda za ni. Ɗigo ne zai koma gida." Ya fita yana tafiya a hankali.

Wayyo! Da gudu na faɗa ɗakin Kaka ina in'ina. Ba ta tambaye ni komai ba. Matar da ciwon gwiwa ke hana ta zuwa kasuwa, matar da ko zaure ba ta leƙawa ba mayafi, ta fita kai ba ɗankwali, ƙafa ba takalmi. Ina biye da ita ina ihu, mutane suna fitowa daga gidaje.

Kafin mu isa ya shiga ruwa ya kai masa ƙugu. Maza sun taru a baki suna ta kira, "Malam! Malam, dawo!" Samari biyu suka faɗa, taɓo ya riƙe su tun a gefe, aka shiga neman igiya. Alhaji ya iso yana haki yana cewa, "Ɗana, don Allah, don darajar iyayenka!" Ni ina ta "Baba! Baba!" har muryata ta dushe. Ko waiwaye bai yi ba. Ruwa ya kai ƙirjinsa, farar rigar ta kumbura ta taso a bayansa.

Sai Kaka ta ratsa mutane ta tsaya a bakin taɓo. Ta buɗe baki ta kira sunansa.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, ba ni da wannan hurumin. Amma na ga yadda wurin ya yi tsit. Mata suka kama baki. Alhaji ya juya yana kallon yayarsa kamar bai taɓa ganinta ba. Mutumin nan ya haura shekara arba'in a duniya bai taɓa jin sunansa da muryar uwarsa ba.

Ya tsaya cak.

Ta sake kira, da ƙarfi, muryarta tana tsagewa. Ta ce, "Kai nake kira, ba ruwa ba! Ni na yi naƙudarka, na san wanda na haifa. Ban haifi ɗigo ba. Fito!"

Ya juyo a hankali. Fuskarsa ta yamutse, murmushin nan da ya addabe mu wata da watanni ya ɓace, ya ce, "Na'am, Iya." Sai ya fashe da kuka, kukan da bai yi ba ranar da aka rufe mahaifiyarmu. Aka jefa masa igiya ya kama, aka jawo shi, takalmansa suka zauna a cikin taɓon har yau.

Kada wani ya ɗauka nan take ya warke. Kaka ungozoma ce, ba ta wasa da ciwo. Washegari ta sa Alhaji ya kai shi wurin likita, ya daɗe yana shan magani, ita ce kuma mai tsayawa a kansa har ya haɗiye. Sujada ma sai da aka ɗauki lokaci kafin ya koma, yana zama can baya. Ita kuwa kunya ta hana ta fita, ta yi kwanaki ko bakin zaure ba ta zuwa. Ba ta ƙara faɗin sunan ba har ta bar duniya. Washegarin ranar ma ce mini ta yi, "Kai wa wancan kununsa."

Da abin ya lafa, ina yi mata tausar gwiwa na ce, "Kaka, ashe ke jaruma ce." Ta ce, "Jaruma a ina? Tsoro ne, ƙawata. Na duba na ga ba abin da ya rage a hannuna sai sunan nan." Sannan ta ƙara da cewa, "Abin da ya sa koyarwar nan ta tsorata ni, daɗinta. Tana ce wa mai makoki ba ka rasa kowa ba, don dama babu kowa. To ni na rasa miji, na rasa 'ya'ya biyu a goye, na san akwai su. A Littafi Mai Tsarki, Ubangijinmu da ya je kabarin abokinsa ai bai nuna wa 'yan'uwan mamacin iska ya ce ga shi nan ba. Kuka ya yi, sannan ya kira shi da sunansa, mutumin ya fito. Ruwa ba ya kiran kowa, haɗiyewa kawai yake yi. Ni Allahn da nake bi yana da kunne, yana da murya, kuma ba ya rikita ni da darbejiya."

Ta rayu shekaru bayan haka, har ta ga aurena. Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ana gobe za ta rasu ta riƙe yatsana ta ce, "Ina jin tsoro fa, ba zan ɓoye miki ba. Ban taɓa bin hanyar nan ba. Amma za a kira ni, kuma zan gane muryar." Sai ta dubi ƙofa inda Baba ke tsaye, ta ce mini a hankali, "Wancan nake ji."

Shi ya sa ranar zaman makoki na kasa zama. Da yamma sai ga tsohon abokin nan na Tukur-Tukur, ya tsufa shi ma, ya zo da zuciya ɗaya. Ana yayyafi, ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Kada ka damu, Iya ba ta tafi ba. Ga ta nan tana sauka a kanmu." Na zuba wa Baba ido ina jiran ya ce wani abu, ko da faɗa ne. Shi kuwa ruwan kawai ya tsaya kallo.

Muka rufe ta a maƙabartar Wusasa. Daren nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye na kai masa kunu, na tarar da ɗaki a buɗe, shimfiɗa a gyare, ba kowa. Agogonsa yana kan tebur.

Kwanon ya suɓuce mini. Ban san lokacin da na fita ba, ni ma kai ba ɗankwali. Na isa kududdufi, ya cika ya batse, kore shar, ko motsi babu a kansa. Na duba bakin taɓo ina neman sawu, ruwan dare ya shafe komai. Na kira "Baba!" na sake kira. Wadda muryarta ke iya fito da shi tana ƙarƙashin ƙasa, ni kuma ba ni da abin da ya wuce "Baba." Na durƙusa a taɓon ina rusa kuka.

Sai na ji an kira sunana daga baya.

Ban waiwaya da wuri ba, don na san sunan, na san muryar, amma ban taɓa jin su tare ba. Aka sake kira. Na juya, sai ga Baba yana shigowa ta ƙofar ganuwa daga hanyar Wusasa, wando a naɗe har gwiwa, jikinsa duk jar ƙasa, da fartanya a kafaɗa. Ashe tsoro ya ji kada ruwan dare ya zaftare kabarin, ya yi sammako ya je ya gyara. Agogon kuma ya cire ne don kada laka ta ɓata shi.

Ya tsaya a kaina ya dubi ruwan, ya dube ni. Ya ce, "Me kike nema a nan? Ba ta ciki, ni ma ba na ciki. Na san inda na kwantar da ita, wanda zai tashe ta kuma ya san sunanta."

Allah ya hutar da ke, Kaka, ya riƙe ki har ranar da zai kira ki amsa. Ɗanki yana nan lafiya. Ranar ya miƙo mini hannunsa mai laka ya ɗaga ni, ya sake faɗin sunana a gaban mutanen da suka fara taruwa, ko kunya bai ji ba, ya ce, "Tashi mu je gida."